Mai Faci da Jar Kazarsa

Mai Faci, ɗan Maƙeri, jikan Mai Gyaran Kwaɗo, ya fito daga gidan da ba a jefar da abin da ya lalace. Shekara talatin da biyu ya yi yana facin tayar keke a bakin titi, har ranar da wani babur ya kwashe masa ƙafar hagu. Ya koma gida da ɗingishi da akwatin kayan aikinsa, ya kama kiwon kaji.

Matarsa na da doka guda: duk kazar da ta fara ɗingishi, tukunya ce makomarta. Wata Litinin sai ga jar kazarsa tana takawa da ƙyar, tafin ƙafarta ya kumbura, da baƙin ɓawon ciwo a tsakiya.

"Yayana zai zo ran Asabar," in ji matar, tana sauko da babbar tukunya. "Allah ya kawo mana nama."

"Ki ba ni zuwa Juma'a."

"Na ba ka, likita. In ba ta miƙe ba, da hannunka za ka yanka."

Ya tsoma ƙafar kazar cikin ruwan ɗumi da gishiri, ya tsura wa ruwan ido, domin idonsa ya saba neman inda iska ke fita. Matar ta leƙo ta taga.

"Malam, in kawo famfon keke?"

Da ɓawon ya yi laushi, ya cire shi a hankali, ya matse mugunya, ya shafa magani. Ya yanko zobe daga tsohuwar robar cikin taya, ya ɗora yadda ciwon ba zai taɓa ƙasa ba, ya naɗe da tsumma mai tsabta. Kullum sai ya sake ɗauri. Ya kuma tsince gutsattsarin wayar da ke tsakar gida, waɗanda, a gaskiya, daga akwatinsa suka zube.

Ran Juma'a kaza ta ratsa tsakar gida, ɗingishin bai gama barinta ba. Mai Faci ya jera da ita, su biyu suna karkata hagu tare. Matar ta yi dariya har da hawaye, ta mayar da tukunya.

Da baƙo ya zo, ƙwai aka soya masa. Ya dubi faranti, ya dubi surukinsa.

"Wai duk wannan wahalar a kan kaza ɗaya, don me?"

Mai Faci ya miƙe ƙafarsa ta hagu, ya shafa gwiwa.

"Yaya, in aka fara yanka masu ɗingishi a gidan nan, bayanta wa ya rage?"