Tasar Kananzir a Bakin Zaure

Duk wanda ya san ni ya san ba na iya ba da labari ban zuba masa gishiri ba. In na ga kaza a hanya, kafin in kai gida ta zama jimina. Amma akwai abu guda da ban taɓa ƙara masa ko ƙwayar gishiri ba, kuma har in koma ga Mahaliccina ba zai bar raina ba: maganar wata tasar kananzir a Argungu, zamanin da Turawa ke ɗibar samari soja zuwa Bama.

A lokacin wanzanci nake yi, rumfata tana jikin shagon taubashina mai sayar da kananzir. Wuni muke muna tsiya. Ni in ce masa ko ƙuda ya sauka a kansa sai ya suma don wari, shi kuma ya ce na fi mahautan kasuwa zubar da jini. Yaƙi ya sa kananzir ya yi wuya, gidaje da yawa sun koma fitilar man gyaɗa. Sai ga taubashina ya samo 'yan garewani a hannun wani direba da ya biyo daga Birnin Kebbi. Ranar har tafiyarsa ta sake, kai ka ce shi ya haƙa rijiyar man.

Cikin waɗanda suka fara saye akwai matar wani masunci da ke zaune can gangaren gulbi. Da magariba ta zuba man a aci-bal-bal, ta kawo wuta kusa da lagwani, fitilar ta fashe a hannunta. Zaninta ya kama. Kafin maƙwabta su kashe wutar aikin gama ya gama, washegari ta cika. Na je jana'izar.

Bayan an share makoki, masuncin ya ɗauko kwalbar da sauran man ke ciki ya kai gaban mai unguwa. Ba ya kuka, ba ya ɗaga murya. Ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga mai ba kananzir ba ne, an gama shi da fetur. Ban biɗar komi ga kowa. A zubar da sauran kawai, kada shi ci wani." Taubashina ya rantse da abin da zai kashe shi cewa yadda ya karɓo garewanin haka ya sayar, kuma na yarda da shi har yau. Mai unguwa ya sa aka rufe shagon, ya aika Birnin Kebbi a kira masa ɗan ƙanwarsa, wani malami mai haɗa magani, wanda aka ce ya san halin kowane irin ruwa da Bature ya zuba a kwalba.

To, a nan ne muka yi abin da mu a ganinmu hankali ne. Don kada wani ya ce an yi rufa-rufa, dattawa suka ce a juye man kwalbar a cikin tasa, kowa ya zo ya gani ya sansana. Sannan babu mai yarda abin da ya ci rai ya kwana ƙarƙashin jinkarsa. Sai aka ajiye tasar a fili, bakin zauren mai unguwa, nesa da duk wata ciyawa, aka kifa mata faifai, aka danne da dutse, aka sa mai gadi don kada a musanya.

Malamin bai samu mota da wuri ba, motocin ma man suke nema. Tasa ta yi kwana da kwanaki a wurin, kuma bazara ce. Wanda bai san bazarar Argungu ba, in gaya masa: kifi in ya leƙo sama dafaffe yake komawa, jaki kuwa inuwar kansa yake bi yana roƙo. Da farko in ka gifta ta bakin zauren warin sai ya sa maka hawaye. A hankali warin ya lafa. Mai gadi ya ɗaga faifai wata rana ya ce man ya ja baya, ga zoben da ya bari a jikin tasa. Wani ya ce ƙadangarun unguwa ne suka samu abin sha, aka yi dariya, aka mayar da faifai.

Ranar da malamin ya iso, unguwa ta cika maƙil. Mutum ne natsattse, kuma ya yi aikinsa da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya yi mana bayani cewa kowane mai yana da iyakar zafin da in ya kai sai ya tafasa. Fetur ba shi da haƙuri, zafi kaɗan fiye da na jikin mutum ya isa ya fara tashi. Kananzir kuwa ko ruwa ya tafasa ya gaji, shi bai san ana yi ba. Ya sa aka dafa ruwa can bayan gida, aka kawo tukunyar inda babu wuta ko ta taba. Ya tsoma wani dogon gilashin auna zafi a ciki. Ya zuba fetur a ɗan gwangwani ya dasa cikin ruwan, nan da nan ya hau ɓararraka. Ya zuba kananzirin da ya zo da shi daga fitilarsa, ya kwanta lum. Sannan ya nuna tasa ya tambaya ko wannan shi ne ainihin man da matar ta saya. Mai unguwa ya ce shi ne, mai gadi ya rantse, masuncin da kansa ya gyaɗa kai.

Ya ɗiba ya dasa a ruwan zafi. Muka zuba ido har wuyanmu ya ƙage. Ko ƙwayar kumfa ba ta taso ba. Ya sa aka sake kawo sabon ruwa, ya maimaita, shiru. Ya ce abin da gwajinsa ya nuna, babu fetur a cikin wannan man.

Aka buɗe wa taubashina shago. Masuncin ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce shi dai ya ga abin da ya gani. Daga ranar bakin mutane ya juya kansa. Masu cewa matar ce ta yi sakaci, masu cewa baƙin ciki ya taɓa masa kai, har da masu cewa so ya yi ya kashe wa bawan Allah kasuwa. Mutumin da ya binne matarsa ya koma bin bayan gari in zai tafi gulbi.

Sai dai duk da wankewar, ciniki bai dawo ba. Mata su zo bakin shago su tsaya, su wuce. Abin ya ci wa taubashina rai. Wata ranar kasuwa, da rana ta yi ja, ya fito da garwa bakin shago, ya cika fitila a gaban jama'a don kowa ya gani da idonsa. Ina wanke aska ya kira ni yana dariya: "Wanzami, matso in haska maka hannunka, ko yau ka yi aski babu jini." Ban kai ga ba shi amsa ba ya ƙyasta ashana. Bakin garwar a buɗe yake kusa da ƙafarsa.

Ba zan kwatanta ƙarar ba. Abin da na tuna shi ne mutane na gudu suna tattake juna, ni kaina na tsinci kaina a ƙasa, sai ga mutum guda ya keto ta cikin hayaƙi ya nufi wutar. Masuncin ne, dawowarsa ke nan daga gulbi da jiƙaƙƙen buhun kifi a kafaɗa. Ya zazzage kifin a ƙasa, ya lulluɓe taubashina da buhun, ya danne shi har wutar ta mutu, hannuwan masuncin duka biyu suka saɓule. Da shi muka ɗauki taubashina a kan ƙyaure. A hanya yana ta motsa baki, na sunkuya, na ji yana cewa, "Ku ce mai shi yahe mini." Masuncin ya ce, "Na yahe, ɗan'uwa. Yi shiru." Taubashina bai kai Juma'a ba ya rasu.

Malamin ya dawo da kansa, ba wanda ya aika masa. Ya sa aka fasa garwar da ta rage a rufe a cikin shago, ya ɗiba ya dasa a ruwan zafi. Kafin ya gama gyara gilashinsa man ya fara tsalle a gwangwani. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juyo ya tambaya a hankali, wancan na cikin tasa, a ina ya zauna kafin ya zo. Mai gadi ya nuna masa fili, ya nuna faifan. Malamin ya zauna a ƙasa da fararen kayansa. Ya ce abin da zafin tukunya ya kamata ya tayar a gabanmu, rana ta riga ta tayar da shi kullum ta ƙofofin faifai, fetur ya bi iska, kananzir zalla ya rage masa ya gwada. Ya ce ya tambaya ko man ne, bai tambayi yadda aka ajiye shi ba. Babu wanda ya ga laifinsa a cikinmu, don duk wanda ke wurin ya ga zoben nan a jikin tasa.

Yanzu na bar aski, ina zaune a Nasarawa a Birnin Kebbi, kuma har gobe in ka zauna kusa da ni sai cikinka ya yi ciwo don dariya. Amma in aka kawo mini magana aka ce an gwada an tabbatar, ba na musu, ba na kuma saurin cewa to. Nakan tambaya me aka gwada, a hannun wa ya zauna, me ya fita daga cikinsa kafin a kawo shi. Ban koyi wannan a wurin malami ba. Na koye shi ne ranar da muka ɗauki taubashina a kan ƙyaure, mutumin da gari ya ƙaryata yana riƙe da gefe guda da ƙonannun hannuwa.