Hannun Mato da Sabuwar Bindiga

A duk mutanen da na zauna da su a Dubai, Mato ne kaɗai wanda in aka tambaye shi sana'arsa sai mai tambayar ya ɗan ja da baya. Harbi yake yi. Kada ranka ya kai ka nesa, a wani kulob na wasan harbi yake aiki, can bayan gari, inda masu hali da 'yan yawon buɗe ido suke zuwa su nuna fasfo, su toshe kunne, su huda takarda, su ɗauki hoto su tafi. Bindiga ba ta fita daga ginin. Mato ne mai kula da su: shi ke wankewa, shi ke gwadawa, shi ke tsayawa bayan baƙo don kada ya juyo da bakin bindiga yana tambayar inda ake dannawa.

Ni sunana Salmanu, Bakano ne, ɗaurin kaya nake yi a Murshid Bazaar, ina ɗinke buhunan 'yan kasuwa masu aikawa gida. Ɗaki ɗaya muka zauna da Mato a Al Qusais. Shi Badamagare ne daga Zinder, tsohon jandarma, kuma wanda ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa ya san ba sai an gabatar da mu ba. Ranar da ya shigo da jakarsa na tambaye shi daga ina, ya ce Damagaram, na ce to ajiye jakar ka ɗebo wa ubangidanka ruwa. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe har nan bayinmu sun iso." Tun daga ranar ban kira shi Baba Mato ba kamar yadda sauran 'yan ɗakin suke yi, shi ma bai taɓa kiran sunana na yanka ba.

Rabin aikinsa na jandarma a arewacin Nijar ya yi shi, cikin rairayi. Da ya yi ritaya, wani tsohon shugabansa ya samo masa wannan aikin. Matarsa Kadija tana Zinder, 'yarsa Aziza tana karatun jinya a Yamai, kuma aikin kulob ɗin nan ne yake riƙe da su duka. Duk shekara biyu ake sabunta masa kwantiragi, biza kuma a jikin kwantiragin take. A shekarar da nake ba da labari, wa'adin ya zo gab da ƙarewa.

Mato yana da wata magana da muka haddace don dole. Cewa yake ba a yi wa bindiga ƙazafi, don ba ta da bakin da za ta kare kanta. In ta cije, sai ka fara tuhumar datti, sannan magazin, wato gidan harsashi, sannan harsashin kansa, sannan mai harbin. Sai duk waɗannan sun fita da gaskiyarsu kafin ka ce bindiga ce. Mun sha jin wannan karatun ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin da yake dafa mana shayi a baranda. Shayin Nijar ne, a 'yar butarsa shuɗiya da ya taho da ita daga gida. Yakan ɗaga butar sama da kansa ya tsiyayo cikin ɗan finjali, ko ɗigo ba ya zuba ƙasa, kumfa ta taso fara tas. Ni kuwa kullum sai na ce kumfar ta fi shayin yawa, Badamagare ko a shayi sai ya yi rowa.

Ana nan sai dillalin da kulob ke sayen kaya wurinsa ya kawo wata sabuwar ƙaramar bindiga ta gwaji, 'yar mitsitsiya, da kyar ta cika tafin hannu. Manaja yana son irinta saboda mata da masu ƙananan hannaye. Ya miƙa wa Mato ya ce ya gwada: in ya ce ta yi, za a sayo da yawa, in ya ce ba ta yi ba, a mayar wa mai ita. Maganar Mato ce ƙarshe a kan irin wannan, tun da can haka ake yi.

Sabuwar bindiga kamar sabon takalmi take, sai an taka shi ya saki. Sai an harba ɗaruruwan harsasai kafin ƙarafanta su saba da juna. Mato ya san haka, shi ya sa bai damu ba da ta fara cijewa ranar farko. Za ta harba biyu ko uku, sai harsashi na gaba ya tokare a hanya, bai shiga ba bai fita ba.

Kuskuren farko nasa ne, kuma shi ya ba mu labari yana dariya. Da ya wanke giris ɗin kamfani, sai ya goge ta ƙarau bai saka mai ba, don haka suka saba a rairayi, inda mai ke kama yashi ya zama taɓo a cikin bindiga. "Shekaru nawa ina cikin na'urar sanyi," in ji shi, "amma hannuna yana Agadas." Na ce masa ai dama Badamagare ko ka kai shi Aljanna sai ya nemi inda zai karkaɗe takalmi. Ya saka mai, cijewar ta ragu.

Bai tsaya nan ba. Ya ga sifirin ɗin magazin yana da tauri irin na sabon abu, sai ya cika shi ya ajiye har ƙarshen mako, ya kuma gwada wani magazin daban. Daga nan ya koma kan harsashi. Na atisayen da kulob ke amfani da shi ba shi da ƙarfi sosai, sai ya karɓo mai ɗan nauyi. Duk abin da ya gyara sai cijewar ta yi sauƙi, amma ba ta daina ba. Kowane magazin sai ta cije sau ɗaya ko biyu. Da farko kullum ya dawo sai ya ba mu rahoto kamar mu ne shugabanninsa. Daga baya ya daina, in ka tambaye shi sai ya ce, "Shuwayya shuwayya," wato sannu a hankali, ya juya maganar.

Ni ban san bindiga ba, amma na san shayin Mato. Na lura butar ba ta kai tsayin da take kaiwa. Da tana wuce kansa, yanzu iyakarta ƙirji. Na ga yana tallabe gwiwar hannun dama da na hagu kamar ba da gangan ba. Na ga tsumma a kusa da shi, abin da da ba ya bukata. Hafiz, ɗan ɗakinmu mai aikin gadi, shi ma ya gani, na san ya gani don na kama shi yana kawar da kai. Amma shi ba zai iya faɗa ba, Baba yake ce masa. A ɗakin nan baki ɗaya ne yake da lasisin faɗar abin da ya ga dama ga Mato, kuma nawa ne.

Ranar wata Lahadi shayin ya kauce wa finjali ya zuba a tire. Na ce, "Badamagare, wai bindigar nan ce ba ta cin harsashi, ko dai hannun ne ya yi ritaya bai gaya maka ba?"

Na jira ramuwa. Na jira ya ce kakanninsa da igwa suka zo Kano, ko ya ce Bakano bai san komai ba sai awo. Ya goge tiren, ya miƙa wa kowa finjalinsa, ya ba ni nawa a ƙarshe kamar kullum. Wallahi da na san shiru zai yi da na gwammace ya mare ni. Shayin nan ban ji ɗanɗanonsa ba.

Sai ranar Alhamis, muna saka takalmi za mu fita aiki, ya ce, "Bakano, Asabar kana off?"

Na ce eh.

"Bon. Ka taho da ID ɗinka. Ina son ka ara mini hannunka."

Muka je da hantsi kafin baƙi su cika. Aka rubuta sunana kamar kowane baƙo, ya saka mini abin toshe kunne da tabarau. Kafin ya ba ni bindigar ya yi mini bayani a taƙaice. Ya ce in an harba, ƙarfen saman yana zamewa baya ya tofar da kwanso, ya dawo ya kwaso sabon harsashi. Don ya yi wannan tafiyar, sai ya sami abu mai tauri a bayansa, wato wuyan hannun mai harbi. In hannun ya lanƙwashe ya bi bindigar, tafiyar sai ta mutu a rabi. Manyan bindigogi nauyinsu yana rufa wa mutum asiri. Ƙaramar ba ta da wannan kunyar.

"Riƙe ta kamar igiyar da kake ɗaure cargo," in ji shi. "Yalla."

Ban taɓa harbi ba a rayuwata. Duk dannawa sai na runtse ido, takardar da nake saiti kuwa ta tashi lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Amma hannun da ya shekara yana jan igiya da ɗaga buhu ba ya lanƙwasa. Magazin ya ƙare ba ta cije ba. Ya ba ni wani, shi ma haka. Ya ba ni mai ɗauke da harsashin atisayen nan mara ƙarfi, ta cinye shi tas.

Sannan ya karɓa ya tsaya a wurina. Tsayuwarsa kaɗai ta isa ka san sana'arsa ce. Harbin farko ya huda tsakiyar takarda, na biyu ya shiga kusa da shi. A na uku ta cije. Ya cire magazin, ya fitar da harsashin da ya tokare, ya ajiye ta a kan tebur bakinta yana kallon gaba. Ya daɗe yana duban hannunsa yana buɗewa yana rufewa.

Na zare abin kunnena na matso. Na ce, "Ji nan. Daga ni sai kai muka ga wannan. Ka ce wa manaja ba ta yi ba, khalas, shi ke nan, a mayar wa mai ita. Manyan ai ba sa ba ka matsala. A sa hannu a kwantiragi tukuna, Aziza ta gama karatu, sannan a san abin yi."

Ya yi murmushi, karon farko tun ranar Lahadi. "Bakano ke nan, komai ciniki ne."

"Ba wasa nake ba, Mato."

Ranar ce farkon da na kira sunansa, kuma ya ji.

"Na sani," ya ce. "To in na yi mata ƙazafi aka mayar da ita, hannun zai warke? Aikina in tsaya bayan baƙo. Ran da wani ya firgita ya juyo da ita cikin mutane, wannan hannun ne zai cafke shi. Kana so in gwada a kan ɗan wa?"

Ya saka bindigar a akwatinta ya nufi ofishin manaja, ni kuma na zauna a kujerar baƙi. Ofishin gilashi ne, ina hangen su amma ba na ji. Na ga ya buɗe akwatin a kan tebur ya yi magana, manaja ya gyaɗa kai yana murna. Sai na ga Mato ya ɗora hannunsa na dama a kan teburin, kusa da bindigar, ya ci gaba da magana. Murnar manaja ta ɗauke, ya jawo masa kujera.

Kulob ya sayi bindigogin, kuma an ce har yau ba su ba kowa matsala ba. Hannun Mato kuwa, likita ya ce jijiya ce, tun daga wuya abin ya taso, magani zai rage amma ƙarfinsa na da ba zai dawo ba. Suka bar shi a ɗakin wanke bindigogi har wa'adinsa ya cika, suka sallame shi cikin mutunci, ba su sabunta ba. Ni dai haushinsa na ji, ba zan ɓoye ba. Kwana da kwanaki ina gaishe shi sama-sama, ina ganin ya zubar da abincin iyalinsa saboda ɗan ƙarfen da ko godiya ba zai yi masa ba. Ban daina jin haushin ba sai ranar da nake ɗaure masa kayansa a shagonmu, na ga ya tsaya yana son ya taya ni jan igiya, ya rasa da wane hannu zai kama. Na ce ya je ya zauna, bawa ba ya taɓa igiyar ubangidansa.

Lahadin ƙarshe ya dafa shayi kamar kullum, duk 'yan ɗakin muna baranda. Da ya nuna, ya jera finjalai a tire, ya ɗauki butar, ya ɗan riƙe ta. Sai ya miƙo mini.

"Salmanu, zuba mana."

Na karɓa na fara tsiyayawa daga ƙasa-ƙasa, idona ya cika ba na ganin finjalin sosai.

"Ɗaga sama, ɗan Kano," in ji shi. "Hannu gare ka, me kake wa rowa?"