Buhunan shinkafa a bikin ɗiyata

Bikin ɗiyata ta fari ya faɗo cikin damina, shi ya sa na ce ba za a yi shi a fili ba. Na ari siton shinkafar ƙanena a Wara. Ni mutum ne mai son abu bisa tsari: na sa aka fitar da buhuna duka, aka share, aka wanke siminti, sannan aka jera kujeru.

Abu guda ne ya dame ni. A gidanmu ba a fita da amarya sai kakarta ta yi mata waƙar sallama da Kambarci, harshenmu, ita kuma ta amsa daga inda take zaune cikin ƙawayenta, can ƙarshen taro. Inna, mahaifiyata, ita kaɗai ta rage da ta iya waƙar, kuma tsufa ya cinye muryarta. In amarya ba ta ji ba, ba za ta san inda za ta amsa ba.

Di-jen da muka ɗauko daga Yawuri, wato mai kayan kiɗa da lasifika, magidanci ne mai furfura kaɗan. Ya iso da hantsi, bai ko sauke lasifika ba ya shiga tsakiyar sito ya tafa hannu. Tafin ya bugi bango, ya bugi kwanon rufi, ya dawo mana.

"Maigida, mi aka aje nan ciki da?"

"Shinkafa. Na fidda ta."

"A maido ta."

Na ce masa ban tara baƙi don su zauna da buhuna ba. Ya ce to, a kira Inna. Ya miƙa mata makirfo, ta yi baiti guda. Muna tsaye a ƙarshen sito, ba mu ji kalma ko ɗaya ba, sai amsa-kuwwa kamar ana magana cikin rijiya.

"Kai mai akwatin surutu," in ji Inna, "ka maishe ni kwaɗo!"

Ya ce mata cikin wasa, "Amaryata, yi haƙuri, ɗanki ne ya yi wa ɗakin tsirara."

Na sa aka maido buhunan. Shi ya nuna inda za a jera su: bangon baya tukuna, har tsayin kai, sannan kusurwoyi. Mata suka rufe su da zannuwa, har suka yi kyau. Bayan nan ya zauna gaban na'urarsa, ya sa Inna ta yi ta maimaitawa yana murɗa maɓallai. Ya rage rurin da ke sa kwano rawa, ya rage ƙarar da ke soke kunne, ya ɗaga tsakiya, inda ya ce nan muryarta take. Ya kuma ce idan mutane suka cika zai sake taɓawa, domin jiki da tufafi ma suna shan sauti.

Da la'asar aka yi addu'a, aka ci abinci, matasa suka yi rawarsu. Ana miƙa wa Inna makirfo sai ga ruwa a kan kwano. Na dubi mutumin, ya matsar da makirfon dab da bakinta, ya koma ya murɗa abu kaɗan.

Muryar Inna ta fito siririya, tana rawa, amma kowace kalma a rarrabe. Ta kai ƙarshen baitin farko ta tsaya. Daga can gindin buhuna, ƙarƙashin mayafi, ɗiyata ta amsa.

Inna ba ta ƙara yin waƙar a taro ba, numfashinta bai kai. Ɗiyata ce ke yi wa ƙannenta yanzu, yadda ta ji ta a ranar. Duk kaka nakan aika wa mutumin nan shinkafa Yawuri, daga wannan siton.