Hannun Yaya Habu a Fili Mai Santsi

Jama'a, yau na shirya mugunta, Allah ya yafe mini!

Muna rumfar cajin waya bayan mun taso daga gona, ina buga wasan golf ɗin nan na waya, na jefa ƙwallo a rami. Na kai fili mai santsi. Kana jan yatsa da ƙarfi, ƙwallo za ta wuce rami ta faɗa ruwa. Ni kaina ya gagare ni.

Sai ga wana, Yaya Habu, wanda hannunsa yake karkarwa tun da ya yi jinya. Ya ce, "Ɗan ba ni in gwada mana."

Na miƙa masa wayar, na ƙyafta wa samarin da ke rumfar ido, na ce, "Yaya, ja da ƙarfi!"

Sale, ɗaya daga cikinsu, ya fara ɗaukar bidiyo yana cewa, "Ku zo ku ga rawa kyauta!"

Hannun ya ƙi tsayawa. Da ƙyar yatsan ya shafi gilashin. Ƙwallo ta gangara a hankali, ta faɗa rami!

Sale ya sauke wayarsa.

Ya miƙo mini wayar da hannu biyu, ya ce, "Yi haƙuri, ƙanena, na kasa ja da ƙarfin. Na gode. Kai kaɗai kake yarda in riƙe maka abu."