Jiniyar Ranar Alhamis

Shekara ashirin da shida Nedyalka Pencheva ta yi tana raba wasiƙu a ƙauyenmu, har ta san gidan da ke da mugun kare da wanda ke da majinyaci. Shi ya sa da ta ajiye aiki, ofishin agajin gaggawa ya damƙa mata sunayen waɗanda ba za su iya fita da ƙafarsu ba idan wani abu ya faru a tashar nukiliya. Mutum goma sha ɗaya ne. Tashar tana bayan gonakin masara, kilomita shida daga gidajenmu, kuma 'yarta Rositsa a can take aiki, a sashen ruwan sanyaya injin.

Ni maƙwabciyarta ce. Sau biyu a shekara ake gwada jiniya, kuma sai an yi mako ana sanarwa, don haka ba ta taɓa damunmu ba.

Wata Alhamis cikin Satumba, wajen ƙarfe biyu na rana, muna gasa tattasai a tsakar gidanta, jiniya ta ɗauka.

Na ce, "Yaya, yau akwai gwaji ne?"

Ta ce, "Da akwai, ni zan fara sani."

Ta leƙa ta kan shinge. Wani siririn baƙin hayaƙi ne ke tashi daga wajen tashar. Ta kira Rositsa sau uku, wayar ba ta shiga ba. Na ga yadda take kallon hanyar tashar, na ɗauka can za ta nufa. Sai ta ce, "Kashe wutar nan, ki ɗauko rediyo, ki biyo ni."

Rediyo na ta maimaita abu ɗaya: kowa ya shiga ɗaki, a rufe tagogi, kada a sha ƙwayar aidin da aka raba mana don kariya daga gubar nukiliya sai an ba da umarni.

Muka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Kawu Dobri, tsoho mai ƙafa ɗaya, muka tarar zaune a gindin amyoyin zumarsa.

Ya ce, "'Yar wasiƙu, yau takardar mutuwata kika kawo?"

"Kawu, bakinka ya fi ƙafarka lafiya. Kama kafaɗata."

Ya kama, muka shigar da shi ɗaki.

Mun gama gida na goma sha ɗaya, titi ba kowa sai karnuka, sai ga Goggo Velichka a bayan gidanta tana shanya zannuwan gado. Kurma ce tun ƙuruciya, ƙafafunta garau, shi ya sa ba ta cikin takardar sunayen. Ɗanta da ke yi mata kunne ya tafi birni tun bara. Ta ɗaga mana hannu tana murmushi, jiniya na kuka a kanta.

Nedyalka ta tsallake shinge, ta ja ta ɗaki, ta rubuta mata abin da ke faruwa a bayan takardar sunayen. A nan muka zauna mu uku, mun toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul. Ɗakin ya yi zafi. Na riƙa jin ɗanɗanon ƙarfe a bakina, na kasa gane tsoro ne ko kuwa gubar ce ta iso, ban kuma faɗa wa kowa ba. Nedyalka na riƙe da waya, ko ƙiftawa ba ta yi.

Sai ƙarfe biyar rediyo ta ce taransifoma ce ta kama wuta a harabar tashar, injin ya kashe kansa kamar yadda aka tsara, babu abin da ya fita. Can Rositsa ta kira.

"Mama, lafiyata ƙalau. An hana mu taɓa waya ne."

Nedyalka ta ce, "To." Ta fita bayan gida ta yi ta amai.

Mako na zagayowa ta sake bin ƙauyen gida-gida, tana tambayar wa ke ji, wa ke gani, wa ke zaune shi kaɗai. Sunayen suka kai ashirin da tara. Ta yi ta sintiri a ofishin har aka sa fitila mai walƙiya a gidaje huɗu na marasa ji.

Ta roƙi Rositsa ta bar aikin. Rositsa ta ce ai ranar ce ta nuna mata injin na aiki daidai, har yau kuma tana can. Sun yi wata guda ba sa doguwar magana. Nedyalka ba ta sake tayar da zancen ba, amma ta daina zama a gefen gidan da ake hango tashar.