Salular Ghislain a Hannun Mai Gyara

A tashar Dogon Dutsi, Thérèse na tsaye gaban wani mai gyara, dattijo mai tabon ƙuna a yatsu. Na'urarta mai rage wutar panno, faifan tara hasken rana, kafin ta shiga batir ta rikice, ga salular marigayi ɗanta Ghislain ba caji, muryarsa na ciki. Sau ɗaya ta faɗa masa haka.

Yana murza ƴar ƙusar na'urar da bakin reza, yana awon wuta. Ta miƙa salular, ya girgiza kai.

"A'a, Madam, tawa za mu hwara sawa. In ƙonewa ce, tawa ta ƙone."

Wataƙila shi ma ya taɓa rasa abin da ba ya sayuwa. Sai da tasa ta ɗauki caji lafiya, sannan ya karɓi ta Ghislain da hannu biyu.