Lemun Tsamin Inna da Gatarin Kawu Sani

Gidan kakata a Gyaɗi-Gyaɗi ba babba ba ne, amma tsakar gidan cike take da shuke-shuke. Akwai zogale a jikin katanga, lalle a bakin rijiya, gwaba ɗaya da reshenta ya leƙa gidan maƙwabta, sai wata bishiyar lemun tsami a kusurwar da ke dab da zaure. Mu jikoki Inna muke ce mata, kamar yadda muka ji iyayenmu suna faɗa. Ni kuwa da yake sunanta aka sa mini, takwara take kirana, kuma a ɗakinta na tashi.

Idan sanyi ya shigo, da an idar da sallar isha'i sai Inna ta kwashe garwashin murhu a kasko ta kawo gindin gwabar. Mu shimfiɗa tabarmi mu kewaye shi, mu binne dankali a toka, kowa yana gadin nasa. Ba ta fara tatsuniya sai ta ga ƙananan cikinmu sun daina tsokanar juna. Daga nan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, mun ba ta wuri."

A wata shekara Kawu Sani, autan Inna, ya samu adaidaita sahu yana haya da ita. Damuwarsa ɗaya ce, ba shi da inda zai riƙa ajiye ta. Ya duba ya duba, bai ga wurin da ya fi kusurwar lemun tsamin nan ba. In aka sare bishiyar aka fasa katanga, shi ke nan an samu ƙofa.

"Inna, wannan bishiyar fa ba ta da aiki sai ƙaya," in ji shi. "Tunda Malam ya shuka ta ko fure ba ta taɓa yi ba. Ki bari in sare ta."

Malam shi ne kakanmu, kuma ita ce shuka ta ƙarshe da ya yi kafin rasuwarsa. Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, sai ta ce, "Allah ya kai mu gobe." Kawu ya ɗauka ya samu izini. Kafin magariba har ya aro gatari ya jingine a zaure. Ni ranar ko tuwon kirki ban ci ba, don na sha ganin Inna ta idar da sallar asuba ta zauna tana kallon bishiyar nan shiru.

Da muka taru a bakin kasko, Kawu yana gefe a kan turmi da kwanon tuwonsa. Inna ba ta ko dube shi ba, ta fara.

Wai an yi wani mutum mai suna Garaje, da ya gaji wata bishiya a bayan gidansa. Da damina ta sauka ya je ya tsaya a kanta ya ce, "Ke bishiya, yaushe za ki haihu?" Bishiya ta ce, "Ka ga ciyawa ta shaƙe ni, numfashi ma da ƙyar. Dawo da kaka." Da kaka ya dawo da tambayarsa, ta ce, "Yunwa nake ji, ƙasar nan ta tsufa. Dawo da sanyi." Da sanyi ta ce busassun rassa sun yi mata nauyi. Da bazara kuwa muryarta ma ba ta fita, ta ce masa cikin raɗa, "Ƙishirwa."

Inna ta iya muryar bishiyar nan. Takan shaƙe wuya ta langaɓar da kai, har ƙanena Auwalu ya taɓa tashi zai ɗebo mata ruwa.

To, Garaje ya fusata, ya ce bishiya ta raina masa hankali. Ya je ya aro gatari. Ya ɗaga zai sara ke nan, sai bishiya ta ce, "Sara, ba zan hana ka ba. Amma kafin nan ni ma ina da tambaya. Shekara guda kana zuwa wurina, kullum bakinka cike, hannunka wayam. Yau ce rana ta farko da ka zo mini da wani abu a hannu, shi ma gatari ne. Me ka taɓa ba ni da kake jiran in ba ka?"

Nan Inna ta tsayar da tatsuniyar, ta sa tsinke tana juya dankali a toka.

"Sai aka yi yaya, Inna?" na tambaya. "Ya sare ta?"

"Ni dai nan aka tsaya mini da ita, takwara. Sauran ku tambayi kawunku."

Kawu Sani ya ƙware da tuwo, ya yi ta tari yana dariya. Da ya samu numfashi ya ce, "Ashe da ni kike, Inna. To na ji. Na ba ta shekara guda. In ba ta yi komai ba, ba ruwana da wata tatsuniya."

Washegari ya mayar da gatarin mutane. Adaidaitar kuma ya roƙi wani mai garejin gyara a Tarauni ta riƙa kwana a wurinsa.

Gaskiyar magana, tunda ciwon gwiwa ya kama Inna bishiyar ba ta samun kulawa. Yanzu sai ta zauna a kujera tana ba da umarni, Kawu yana yi. A cikin sanyin nan ya datse busassun rassa, ya rage kan zogalen da ya tare mata rana, ya barbaɗa toka a gindinta saboda gara. Ya je wajen masu sayar da awaki a Unguwa Uku ya ciko buhu da taki a bayan adaidaita. Kwana da kwanaki fasinjoji suna toshe hanci, har wata hajiya ta ce ya sauke ta tun ba a kai Daurawa ba. Ya kawo zai zuba, Inna ta ce a'a, ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi, sai ya kwanta ya huce tukuna.

Da bazara ta zo, ta sa ya yi wa gindin gurbi kamar kwano, ya rufe shi da busasshen ganye don kada laima ta gudu. Famfo ba ya kawo ruwa a lokacin, rijiya kuma ta ja baya, don haka duk mai alwala a gidan sai ya je gindin lemun tsami ya yi. Kawu ne ɗan sandan wannan doka. Da damina ya buɗe wa ruwa hanya kada ya kwanta mata, ya tuge ciyawa, mu kuma yara aka ba mu aikin tsince tsutsar da ke cin sabon ganye.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, muka ji Kawu yana ƙwala wa Inna kira. Muka fito da gudu, muka same shi durƙushe ya kafa hanci a jikin reshe. Wasu 'yan fararen furanni ne suka fito, ƙamshinsu ya cika kusurwar. Inna ta dogara sandarta ta zo, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, Garaje, a kawo gatarin?" Ya ce duk wanda ya taɓa ko ganye ɗaya, shi da shi ne. Lemon da ta yi a shekarar bai cika ƙaramar ƙwarya ba, amma sai da Kawu ya bi maƙwabta gida-gida da shi.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin dabarar da Inna ta yi ta ceci shukar mijinta. Sai da na yi aure a Tarauni, ɗana na fari ya shiga makaranta, karatu ya ƙi zama masa. Kullum ya dawo sai in tare shi a ƙofa: yaushe za ka iya, yaushe za ka kamo 'yan ajinku? Yaron ya fara laɓewa in ya ji motsina. Wata rana ina cikin yi masa faɗa na ji muryata da kunnena, na gane ko wace ce ni a tatsuniyar. Na bar faɗan. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa, na ce ya kawo littafin mu duba tare. Ya tsaya yana kallona, bai yarda ba tukuna. Na matsa masa wuri, na jira har ya zo ya zauna.